Malejin Tsohuwar Mota Na Ƙarya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Giyar Maleji

Har yau tsofaffin motoci na cin kasuwa a ƙauyukan Kano da Jigawa. Ranar Alhamis a hanyar Maigatari, ko Juma'a a Wudil, ba ka rasa Peugeot 504 a-kori-kura da ta sha lodin buhuna ko awaki. Akwai kuma waɗanda aka gada, suna ajiye a ƙarƙashin rumfa, magada na son tayar da su yadda suke a da. Kusan dukansu ciwonsu ɗaya ne: maleji ko ya mutu, ko yana faɗin abin da ya ga dama. Ga tambayoyin da masu irin waɗannan motoci suka fi kawo mana gareji.

Wai mece ce giyar maleji, kuma a ina take?

Ƙaramar giya ce, yawanci ta roba mai tauri, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Tana zaune a wutsiyar giyabos, daf da inda farfela, sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, ke fita. A kan sandar da ke fitar da juyi daga giyabos akwai wata giya mai murɗaɗɗun haƙora, ita ce uwar. Duk juyin da sandar ta yi, uwar na tura ƙaramar, ƙaramar kuma na juya kebur ɗin da ya bi ta ƙarƙashin mota ya hau bayan dashbod. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, kamar Land Rover ko Land Cruiser, to a bayan ƙaramin akwatin da ke raba juyi gaba da baya za ka same ta.

A cikin agogon maleji, kebur na juya maganaɗisu ne a cikin wani ɗan kofi na alminiyam. Ba sa taɓa juna, amma juyin maganaɗisun na jan kofin, wani siririn sifirin kuma na riƙe shi. Gwargwadon saurin juyin, gwargwadon nisan da allura ke tafiya. Dabara ce tsohuwa, tun 1902 wani mai suna Otto Schulze ya yi mata rajista a Jamus. Kebur ɗin nan ɗaya shi ne kuma ke juya lambobin da ke ƙirga kilomita. Riƙe wannan, domin shi zai raba mana gardama a gaba.

Agogon bai san girman tayarka ba, bai san irin bak-aksil ɗin da ke ƙarƙashinka ba. Juyin kebur kawai yake ƙirgawa. Aikin ƙaramar giyar shi ne ta sasanta tsakanin taya da aksil da agogo, kuma kamfani ya zaɓi yawan haƙoranta ne bisa tayar da aksil ɗin da motar ta fito da su. Mota mai shekara 40 kuwa da wuya a ce da su take yawo har yanzu.

Oga, malejina na nuna 100 alhali na san ban kai haka ba. Giyar ce ta lalace?

Kada ka yi saurin ɗora mata laifi. Mutane da yawa sun yi kuɗin mota zuwa Kano neman giya, suka dawo suka tarar ƙaryar tana nan, domin tun farko ciwon a agogo yake. Ƙaryar maleji iri uku ce, kuma kowacce da mai ita.

In ƙaryar na girma tare da gudu, wato kana tafiyar 40 yana cewa 44, kana 80 yana cewa 88, kana 100 yana cewa 110, to kashi 10 cikin ɗari yake ƙarawa ko'ina. Duba lambobin kilomita. In su ma sun ƙirga 11 a tafiyar kilomita 10, an gama magana: kebur ne ke juyawa fiye da kima, kuma wannan aikin giya ne. Ko dai giyar ba ta motar ba ce, ko an canza taya, ko an canza aksil.

In kuwa lambobin kilomita daidai suke amma allura ce ke ƙarya, giya ba ta da laifi ko kaɗan, tunda kebur ɗaya ke ciyar da su biyun. Maganaɗisu na yin rauni da tsufa, sai allura ta riƙa nuna ƙasa. Sifirin na sakin jiki, sai ta riƙa nuna sama. Wannan gyaran masu agogon mota ne.

Na ukun shi ne ka ga ƙari iri ɗaya ko'ina: 50 a madadin 40, 90 a madadin 80. Wannan wani ne ya taɓa buɗe agogon ya mayar da allura ba a mazauninta ba. Ko ka canza giya goma ba zai daidaita ba. In ka gyara shi a 80 zai ɓaci a 40.

Shi ya sa ba na yarda in kwance giyar kowa sai an auna a gudu uku daban-daban, an kuma auna kilomita.

To a ƙauye da me zan auna ainihin gudun?

Wayar da ke aljihunka ta isa. Kowace babbar waya na da GPS, kuma auna gudu da shi ba ya buƙatar data ko sabis, da tauraron ɗan'adam yake magana kai-tsaye. Sauke manhajar auna gudu tun kana inda ke da sabis. Sai ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta mai lafiya, irin hanyar Wudil zuwa Birnin Kudu ko ta Ɗambatta zuwa Kazaure, ba ranar kasuwa ba. Ka ɗauki wani ya riƙe wayar da biro, kai ka ji da sitiyari. Tsayar da allura a 40 na ɗan lokaci ya rubuta abin da waya ta ce, sannan 60, sannan 80. GPS na ɗan jinkiri in kana ƙara wuta ko rage ta, don haka sai ka daidaita ƙafarka kafin ya karanta.

In babu irin wannan waya, duwatsun kilomita na bakin titi da agogon hannu sun wadatar, inda dai duwatsun suka rage. Mai tafiyar 60 na cin kilomita ɗaya a daƙiƙa 60 cif. Raba 3600 da yawan daƙiƙoƙin da ka ɗauka tsakanin dutse da dutse, abin da ya fito shi ne gudunka. Daƙiƙa 45 na nufin 80.

Don lambobin kilomita, yi tafiyar da ba ta gaza kilomita 10 ba. Gajeriyar tafiya ba ta fito da bambanci. Kuma kada ka yi awon a cikin yashi irin na Babura ko Birniwa, domin tayar baya na juyi a banza, agogo na ƙirgawa, mota ba ta ci ƙasar ba.

Na tabbatar giya ce. Mai haƙora nawa zan nema?

Ciro tsohuwar ka ƙirga haƙoranta. Ɗiga wa ɗaya fenti ko alli don kada ka zagayo ka maimaita, domin bambancin haƙori ɗaya shi ne dukan zancen. Sannan ka ninka yawan haƙoran da abin da maleji ya nuna, ka raba da ainihin gudun.

Misali giyarka na da 20, maleji ya ce 88, waya ta ce 80. Ninka 20 sau 88, ka sami 1760. Raba da 80, ka sami 22. Mai haƙora 22 kake nema. In kuwa maleji 76 ya nuna a ainihin gudun 80, to 20 sau 76 a raba da 80 zai ba ka 19.

A nan ne ake yawan juya lissafi. Malejin da ke zuƙi yana bukatar ƙarin haƙora, wanda ke rage gudu yana bukatar a rage su. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin niƙa ya san babbar fuli ta fi ƙarama nawar juyi, alhali bel ɗaya ke jan su. Haka giya mai haƙora da yawa take, tana juya kebur a hankali, allura ta sauka. A giya mai haƙora wajen 20, kowane haƙori ɗaya na sauya karatun da kusan kashi 5 cikin ɗari.

Malam, motar marigayi Baba ce, na tarar babu giyar gaba ɗaya, an toshe ramin da katako. Daga ina zan fara?

Allah ya jiƙan Baba. Naka lissafin ya fi tsawo, amma yana yiwuwa. Abu huɗu za ka nemo: yawan haƙoran uwar giyar da ke cikin giyabos, lissafin bak-aksil (wato juyin farfela nawa ke ba taya juyi ɗaya), yawan juyin taya a kilomita ɗaya, da yawan juyin da agogonka ke jira a kilomita ɗaya.

Na ƙarshen nan sau da yawa yana rubuce a jikin agogon, da ƙananan lambobi a ƙasan fuskarsa ko a bayansa. Motocin Japan na wancan zamani, su Datsun da Toyota, galibi 637 ne a kilomita. Na Amurka kusan 1000 ne a mil ɗaya. Agogon Smiths na motocin Ingila na rubuta nasa a fuska, kuma ya bambanta daga mota zuwa mota. Agogon VDO na Jamus ma na ɗauke da tasa lambar.

Uwar giya sai ka haska tocila ta ramin, ka ɗiga alama, wani na juya taya kana ƙirga bakin zaren da ke wucewa. Aiki ne mai cin rai, kuma ya fi sauƙi in an kwance wutsiyar giyabos.

In sun haɗu, ninka haƙoran uwa da lissafin aksil da juyin taya, ka raba da lambar agogo. A ce uwa na da 6, aksil 3.89, taya na juyi 501 a kilomita, agogo 637. Ninka ukun farko ka sami wajen 11,693. Raba da 637, ya ba ka 18.4. Da a ce aksil ɗin 4.22 ne, komai bai canza ba, amsar za ta koma 19.9, wato 20. Ka ga abin da canjin aksil kaɗai ke yi.

Akwai gajeriyar hanya in za ka sami aron kowace irin giya da ke shiga ramin, ko da ba daidai take ba. Sa ta, ka cire kebur daga bayan agogo, ka manna wa bakinsa ɗan kwali kamar tuta. Auna mita 100 a shimfiɗaɗɗen fili da tef ɗin magina, samari su tura motar a hankali kana ƙirga juyin tutar. Agogon 637 na son juyi kusan 64 a wannan tazara. In ka sami 70 da giya mai haƙora 18, ninka 18 sau 70 ka raba da 64, ya ba ka 19.7. Ni na fi amincewa da wannan hanya a kan ta farko, domin ta haɗa har da nauyin motar da iskar tayarta, kuma ba ruwanta da abin da wani ya ce yana cikin aksil.

Yaya zan san lissafin aksil ba tare da an farke shi ba?

In an riga an buɗe, ƙirga haƙoran babban faifan ka raba da na ƙaramin. Haƙora 35 da 9 na ba da 3.89, haƙora 38 da 9 na ba da 4.22. Wasu kamfanoni na buga waɗannan lambobi a jikin kwanson ko a ɗan ƙarfen da ke maƙale da noti, sai dai a motar da ta sha hannun kanikawa kada ka rantse a kansu. Ana iya zuba cikin wani aksil a kwanson wani.

In a rufe yake, sa duwatsu a tayoyin gaba, ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, ɗayar na ƙasa. Sauke birkin hannu, giya na furi. Yi alama da alli a taya da farfela. Juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela, abin da ka samu shi ne lissafin. In kana son ka bambance 3.9 da 4.1 da kyau, juya tayar sau 20 ka raba da 10.

Masu 504 salun za su ce ai ba a ganin farfelarsu, kuma gaskiyarsu, a cikin bututu take. Sai ka cire kan batir, ka kwance fulogai, ka sa giya ta huɗu, wadda a giyabos ɗinta kai-tsaye take, juyin inji ɗaya juyin farfela ɗaya. Juya injin da sifana ta notin fulin gaba, kana ƙirgawa har tayar da ke sama ta yi zagaye biyu.

Wannan awo ya fi muhimmanci ga masu Peugeot. Tun 1975 ake harhaɗa su a Kaduna, 504 kuma ta daɗe ana yin ta a nan bayan Turai ta bar ta, don haka kayanta sun yi yawa kuma suna shiga juna. Wagon da a-kori-kura an yi su don kaya, lissafin aksil ɗinsu ya fi na salun girma. Giyabos ɗin da aka ciro daga a-kori-kura aka ɗaura wa salun zai zo da giyar malejin da aka lissafa don wani aksil, kuma ranar da aka ɗaura babu mai tunawa da ita.

Taya kawai na canza. Har ita ma tana da tasiri haka?

Ita ce ma ta fi kowa laifi a ƙauye, domin abin da mai taya ke da shi ake saya, ba abin da littafi ya ce ba. Rim ɗaya ne, inci 14, amma tsayin taya ya bambanta ƙwarai.

Ɗauki 175 R14, irin wadda 504 salun ke ɗauka. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama wajen milimita 636 ne, kewayenta kusan mita 2, tana juyi wajen 501 a kilomita. Mai zuwa kasuwa da kaya zai so 195 R14C don ƙarfinta da ɗaga mota daga yashi. Ita tsayinta wajen 668 ne, ta fi waccan da kashi 5 cikin ɗari. Maleji zai ce 100 kana kan 105. In kuma ta hannu ka samu mai lamba 185/70 R14, ta fi faɗi amma ta fi gajarta, wajen 615, sai maleji ya ce 100 kana kan 97. Mai 175/65 R14 kuwa, wadda ta cika kasuwa saboda ƙananan motocin yanzu, za ta sa ya ce 100 kana kan 92.

Lambar da ke bayan layin nan, 70 ko 65, ita ce tsayin gefen taya a matsayin kaso na faɗinta. Tsofaffin tayoyin da ba a rubuta musu ita ba wajen 80 suke. Mutane na kallon lambar farko kawai, su ɗauka 185 dole ta fi 175 girma.

Lissafin takarda na ba da kusa ne. Taya na ɗan kwanciya a ƙarƙashin nauyi, kuma daga sabuwa zuwa suɗaɗɗiya tana rasa kusan kashi 2 cikin ɗari na tsayinta. In kana son naka na gaskiya, je wurin mai faci a daidaita iska, yi alama a taya da ƙasa, a tura motar taya ta zagaya sau 10, ka auna nisan. Tayoyin baya za ka auna in motar da baya take ja. Kuma ka yanke shawarar tayar da za ka zauna a kanta kafin ka sayi giya, ba bayan ka saya ba.

An sa mini sabon inji. Sai na canza giyar maleji?

A'a. Inji ba ruwansa da maleji, haka ma giyar da kake ciki, ta ɗaya ce ko ta biyar, tunda daga bayan giyabos ake ɗaukar juyin. In giyabos ɗin ne aka canza, misali daga mai huɗu zuwa mai biyar, to auna, saboda ya zo da giyar malejin motar da aka ciro shi. Wani lokaci taka tsohuwa za ta shiga, wani lokaci uwar da ke ciki daban ce.

Haƙoran sun yi daidai da lissafi, amma ta cinye cikin mako guda. Me ya faru?

Yawan haƙora rabin zance ne. Haƙoran a karkace suke, wasu sun karkata dama, wasu hagu, ya danganta da ɓangaren da kebur ke shiga giyabos. In ka tura mai karkatar hagu inda ake son ta dama, za ta shiga da ƙyar, ta yi ɗan aiki, uwar ta aske ta. Ajiye sabuwar kusa da tsohuwar ka dubi inda suka kwanta kafin ka biya kuɗi.

Sannan kowace uwa na da iyakar 'ya'yan da take ɗauka. Giya mai haƙora da yawa ta fi kauri, don haka wasu kamfanoni ke canza gidan da take zama a ciki, ko su yi gidan da ake juyawa zuwa wata alama gwargwadon yawan haƙora, kamar yadda Chrysler ta yi. In lissafinka ya yi nisa da tsohuwar da haƙora uku ko huɗu, akwai yiwuwar sai an canza uwar ma, wanda ke nufin kwance wutsiyar giyabos.

Launi kuwa kada ya ruɗe ka. Gaskiya ne kamfanoni na bambanta giyoyinsu da launi, ja ko fari ko kore, amma jan wani kamfani ba shi ne jan wani ba, kuma roba da ta shekara 30 cikin man giya duk ta koma kalar shayi. Mai shago zai ce maka irin kalar taka ce. Ƙirga.

Abu na ƙarshe da ke cin sabuwar giya shi ne kebur ko agogon da ya ƙage. An yi ta da roba ne da gangan don ita ta mutu a madadin abin da ya fi ta tsada. In tsohuwar ta cinye, tambayi abin da ya cinye ta. Juya kebur da yatsu, ya kamata ya tafi sumul.

Na leƙa ƙarƙashin Beetle ɗina ban ga inda kebur ya shiga giyabos ba.

Ba za ka gani ba. Volkswagen Beetle, wadda aka harhaɗa a Legas daga 1975, injinta da giyabos a baya suke, sai aka ɗauko juyin daga tayar gaba ta hagu. Kebur ya ratsa ta tsakiyar ƙafar ya fito ta wani rami mai kusurwa huɗu a murfin giris, an riƙe shi da ɗan kilif. Babu giyar da za ka canza a ƙasa. In malejinta ya mutu, fara duba murfin nan, ramin kan cinye ya zama da'ira. In yana ƙarya, taya ce ba ta asali ba, ko agogon na wata shekara ne.

Land Rover ɗinmu na nuna 50 amma motoci ba sa wuce mu. Lafiya?

Dubi fuskar agogon da kyau, wataƙila da mil yake magana. Motocin Ingila na da, musamman masu sitiyari a dama da suka shigo kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, da yawansu haka suke. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka 50 ɗinka 80 ce, 60 kuma ta kusa 97. Lafiyarsa ƙalau.

A tsofaffin Land Rover kamfani kan daidaita bambancin taya ne ta agogo. Za ka ga 1408 a fuskar na doguwar mai taya 7.50 x 16, ka ga 1536 a na gajerar mai taya 6.00 x 16. Wanda ya ɗaura manyan tayoyi a gajerar, agogon doguwar zai nema. Wani sirrinsu kuma: uwar giyar matse ta kawai aka yi da babban notin da ke riƙe bakin farfelar baya. In notin ya saki, allura za ta riƙa lilo ko ta faɗi in ka saki totur. Ɗaure noti ne maganin, ba sayen komai ba.

Allura na rawa, wani lokaci da ƙara kamar kukan gyare.

Kebur ne, kusan kullum. Ko ya bushe, ko ƙurar hunturu ta shige shi, ko an lanƙwasa shi da yawa wajen mayar da giyabos, ko ya kwanta a kan salansa rigarsa ta narke. Zaro cikin, wanke da kananzir, ka mirgina shi a kan tebur. In yana tsalle ko wani zare ya tashi, ya gama. In lafiya yake, shafa masa giris mara kauri a kashi biyu cikin uku na ƙasa, ka bar na sama a bushe, domin juyin na tura maiƙo sama da kansa.

In ka cire kebur daga bayan agogo ka ga man giya, sil ɗin gidan giyar ne ya mutu, kebur na ɗebo mai yana kai wa agogo. Mai tsakanin maganaɗisu da kofi na sa allura ta yi nauyi ko ta ƙure maleji kana tafiyar 30. Canza sil ɗin tare da giyar, kuɗinsa kaɗan ne.

Lissafina ya faɗo tsakani, 18.4. In ɗauki 18 ko 19?

Ɗauki 18. Da ita maleji zai ce 102 kana kan 100. Da 19 zai ce 97 kana kan 100, wato kana gudu fiye da yadda kake zato, a motar da birkinta na zamanin da ne. Ƙa'idar da Turai ke bi ma haka ta tanada: an hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma an yarda ya ɗara da abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 ba. Dokar hanya a nan ta ba ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra, ba za su karɓi uzurin haƙori ɗaya ba.

Ko da lissafin ya kai 18.6, ni 18 zan ba ka. Sai ya haura 18.8 nake duban 19.

A ina ake samunta yanzu?

Sabuwa a leda ta yi wuya. Wurin da ya fi shi ne Ƙofar Ruwa a Kano, wajen masu farke tsofaffin giyabos, sai shagunan kayan mota na Sabon Gari, sai Panteka a Kaduna ga masu Peugeot. Kafin ka yi nisa ma leƙa wurin 'yan gwangwan na garinku, domin giyabos ɗin da ya mutu sau da yawa giyar malejinsa lafiya lau take, kuma su a kilo suke sayarwa.

Tafi da tsohuwar giyar da gidanta da bakin kebur. Kada ka aika direban tasha da sunan mota kawai. A ta hannu, duba tsakiyar haƙoran, in ya lotsa kamar an ciza, bar ta. Duba ramin da kebur ke shiga, kusurwoyinsa huɗu su kasance da kaifi. In za a sayar maka da ita haɗe da gidanta, ya fi.

Wasu na kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a yi musu ta tagulla. Ban cika so ba. Yanka karkatattun haƙora daidai na bukatar injin da ba kowa ke da shi ba, kuma ranar da kebur ya ƙage, giyar ƙarfe ba za ta sadaukar da kanta ba, uwar za ta ci ko ta tsinke kebur. In babu mai haƙoran da kake so ko'ina, akwai ɗan akwatin da ake ɗaurawa tsakanin giyabos da kebur, mai rage juyi ko ƙara shi da wani kaso. Daga waje ake yin odarsa, kuma sai ka faɗa musu kason da awonka ya nuna.

Tunda waya na nuna gudu, me zai sa in wahalar da kaina?

In gudu kaɗai ne damuwarka, manna wayar a dashbod ka huta. Amma waya ba ta riƙe maka tarihin mota. Da lambobin kilomita ake sanin lokacin juye baƙin mai, da su ake gane mota ta fara shan fetur fiye da da. Mai motar da ya ba direba ita yana zuwa Gujungu ko Hadeja, da su yake sanin ko an tsaya inda aka ce. Malejin da ke rage kashi 10 na sa ka wuce lokacin sabis ba ka sani ba. Wanda kuma ke gyara motar gado don ta koma yadda take, mataccen agogo a gaban sitiyari shi ne abin da duk wanda ya shiga zai fara gani.

Zan iya sa ta da kaina?

Za ka iya, in kana da sifana da filaya. Kada ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, musamman a kan rairayi. Sa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak, ka tokare motar da kututture ko ka hau ramin gareji. Wanke wurin da fetur kafin ka buɗe don kada ƙasa ta faɗa ciki. Kwance kebur, cire ɗan notin da ke riƙe gidan giyar, ka zaro shi a hankali kana ɗan murɗawa. Ajiye kwano a ƙasa, mai kan biyo.

Shafa wa sabuwar man giya, ka tura ta da hannu kawai. In ta tsaya, ɗan juya taya haƙoran su sami juna, kada ka kai mata guduma. Tabbatar bakin kebur ya zauna cikin raminsa kafin ka ɗaure, ka bi da shi ta inda ba lanƙwasa mai tsanani kuma nesa da salansa. Cika man giyar da ya zube. Sannan ka koma kan kwaltar da ka yi awon farko, da tayoyin nan da iskar nan, ka sake gwada 40 da 60 da 80 da tafiyar kilomita 10. Rubuta yawan haƙoran da lambar tayar a cikin murfin akwatin dashbod, don mai gyara na gaba.